Kafin a Sa Hannu a Kan Fayil

Malamin yana shigowa sai ya raba ajin gida-gida, kowane gida mutum uku ko huɗu, ya ce daga yanzu kowane gida kamfanin kamun kifi ne. Ga jiragen ruwa, ga ɗan jari a banki, ga teku guda ɗaya da kowa zai shiga. Wanda ya fi tara dukiya a ƙarshe shi ya ci. Kowane zagaye shekara guda ne, kuma kowace shekara kamfani zai tsai da shawara: jirage nawa zai ƙara saya, nawa zai tura tsakiyar teku, nawa za su tsaya bakin gaɓa, nawa za a ɗaure a tasha.

Shekarun farko kaka ce. Jirgi ya fita ya dawo maƙil, kuɗi suna shigowa, aji ya kaure da shewa. Wanda ya ga maƙwabcinsa ya sayi jirgi biyar sai ya ci bashi ya sayi goma. Abu ɗaya takardar lissafin ba ta nuna musu, wato yawan kifin da ya rage a ƙarƙashin ruwa. Koma tana ci gaba da cika ko bayan kifin ya fara ja da baya, saboda haka babu wanda jikinsa ya ba shi. Sai wata shekara kamu ya faɗi warwas. A nan ne wani zai miƙe ya ce jama'a a zauna a yi magana, kowa ya rage jirage. A amince da baki, a koma kujeru, sannan a sami gida ɗaya da ya faki ido ya tura nasa duka. Kafin a tashi daga darasi teku ya zama wayam, bashi ya yi wa kowa katutu, ana kallon-kallo.

Sunan wasan Fishbanks. Dennis Meadows ne ya ƙirƙiro shi, ɗaya daga cikin masanan da suka fitar da rahoton nan na 1972 kan iyakar da bunƙasar tattalin arziki ba za ta iya wucewa ba, daga baya kuma makarantar Sloan ta jami'ar MIT ta mayar da shi na kwamfuta. Abin da ake kwaikwaya ya faru da gaske. A watan Yulin 1992 gwamnatin Kanada ta rufe kamun kifin kod a gabashin Newfoundland bayan an kusa ƙarar da shi, mutum kusan 30,000 suka wayi gari ba sana'a.

Masu wannan wasa ba masunta ba ne. Ɗaliban digiri na biyu ne, da yawansu a fannin mulki da tsara manufofin gwamnati, kuma a cikinsu ake samun daraktan gobe da babban sakatare da mai ba gwamna shawara. Ana so ne su ɗanɗana da hannunsu yadda mutane masu hankali, kowa yana bin ƙa'ida, babu ɓarawo ko ɗaya a cikinsu, suke haɗuwa su kashe abin da suke ci.

Fannin gudanar da mulki bai taso da irin wannan tunani ba. A 1887 Woodrow Wilson, tun yana malamin makaranta bai zama shugaban Amurka ba, ya rubuta maƙalar da ake ɗauka a matsayin tushen fannin. A 1924 makarantar Maxwell ta Jami'ar Syracuse ta fara horar da ma'aikatan gwamnati a matakin digiri na biyu. Abin da ake cusa wa ɗalibi a lokacin bai wuce biyu ba: aiki ya tafi da sauri, kuɗin gwamnati kada su salwanta. Sai a 1968, a taron Minnowbrook da Dwight Waldo ya kira, matasan malamai irin su George Frederickson suka ce da sauran rina a kaba, domin aiki yana iya yin arha da sauri amma ya danne talaka. Daga nan tambayar wa ya amfana ta sami kujera a aji.

Tambayar har yaushe ita ta zo a makare. A 1987 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ƙarƙashin Gro Harlem Brundtland, firaministar Norway, ya yaɗa kalmar da yau ake ji a kowane taro, ci gaba mai ɗorewa, ma'ana mutanen yau su biya buƙatarsu ba tare da sun cinye rabon waɗanda ba a haifa ba. Taron Rio ya biyo baya a 1992, sannan a 2015 ƙasashen duniya suka amince da muradu 17 da ake son cimmawa kafin 2030. Sa hannu a Birnin New York abu ne mai sauƙi. Wanda zai mayar da muradin ya zama layi a kasafin kuɗi, ko sharaɗi a takardar kwangila, ma'aikaci ne da ke zaune a sakatariya, kuma wata makaranta ce ta koya masa aikin.

Wasu jami'o'i sun riga kalmar zuwa. Jami'ar Indiana ta kafa makaranta guda a 1972 ta haɗa harkokin mulki da kimiyyar muhalli a ƙarƙashin rufi ɗaya, har ɗalibi yana iya fita da digiri biyu a haɗe. Jami'ar Columbia ta bi wata hanya a 2002 da digirin MPA, wato digiri na biyu a gudanar da mulki, na wata goma sha biyu kan kimiyyar muhalli da manufofi. Ɗalibin da ya zo da niyyar karanta mulki, abin da zai fara cin karo da shi shi ne ilimin sinadarai, da yadda guba ke aiki a jiki, da tafiyar ruwa a ƙasa, da yanayi. Sannan a ba rukuninsu wani ƙudurin doka na gaske, su fara gano matsalar kimiyyar da dokar ke son magancewa, a zango na gaba kuma su zauna kamar an zartar da ita an miƙa musu: ma'aikata nawa, kasafi nawa, wa zai yi me a wata na farko. A zangon ƙarshe sukan yi wa wata hukuma ta gaske aiki.

Duk wanda yake ganin sinadarai ba ruwan jami'in mulki, a ba shi labarin garin Flint na jihar Michigan, wanda ya zama darasi a makarantun mulki da dama. Garin ya talauce, gwamnatin jiha ta naɗa masa kantoma don ya rage kashe kuɗi. A watan Afrilun 2014 aka daina sayen ruwan sha daga Detroit aka koma ɗiba daga kogin Flint, da lissafin za a tsimi kusan dala miliyan 5. Ba a zuba sinadarin da ke hana ruwa cin bututu ba. Ruwan ya dinga kankare dalma daga tsofaffin bututai yana kai wa gidaje. Mutane suka yi ta zuwa taro da kwalaben ruwa ja-ja-ja ana ce musu lafiya lau ne, har sai da wata likitar yara, Mona Hanna-Attisha, ta nuna a Satumban 2015 cewa dalma ta ƙaru a jinin yaran garin. A 2021 kotu ta amince da diyyar dala miliyan 626. A takardar farko da aka sa wa hannu, lissafin tsimin daidai yake. Abin da babu a takardar shi ne bututun.

Inda malaman fannin suke ja-in-ja shi ne gurbin da za a ajiye wannan darasi. Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙirƙiro kwas guda na zaɓi, a sa masa suna mai ɗauke da kalmar ɗorewa, a ba malami ɗaya. Matsalar ita ce masu zaɓensa su ne waɗanda dama sun yarda. Wanda zai riƙe ma'aikatar kuɗi ko ta ayyuka ya wuce abinsa, bai ko leƙa ba. Hanya ta biyu ta fi wahala, kuma ita ce mai amfani: a shigar da tambayar cikin kwasa-kwasan dole, wato kasafin kuɗi, ba da kwangila, dokokin mulki da auna manufofi.

Misali ɗaya daga ajin auna riba da asarar aiki ya isa. Masana tattalin arziki suna cewa nairar yau ta fi nairar baɗi daraja, don haka duk kuɗin da za a samu ko a rasa nan gaba ana rage masa ƙima da wani kaso a kowace shekara kafin a kwatanta shi da na yau. A ce wani aiki zai jawo ɓarnar naira miliyan 100 bayan shekara 50. In aka yi ragin da kashi 10 cikin ɗari, ɓarnar a takardar yau ba ta kai naira miliyan ɗaya ba, wajen dubu 850 ce. In aka yi da kashi 2 cikin ɗari, ta haura miliyan 37. Aiki ɗaya, ɓarna ɗaya, amma lamba guda da wani ƙaramin jami'i ya cusa a kwamfuta ita ce za ta sa a ce a yi ko a fasa. A kan wannan lamba manyan masana biyu suka raba gari. Nicholas Stern, a rahoton da ya rubuta wa gwamnatin Birtaniya a 2006, ya yi amfani da kusan kashi 1.4, ya ce a tashi tsaye kan sauyin yanayi yanzu. William Nordhaus na Jami'ar Yale, wanda ya sami kyautar Nobel a 2018, ya ɗauki kaso mafi girma, ya ce a bi a sannu. Ɗalibin da aka koya wa dabarar ba tare da an nuna masa wannan gardama ba zai fita yana zaton lissafi yake yi, alhali hukunci yake yankewa kan jikokin mutane.

Bayan wasan kifi, ɗalibai sukan kammala cewa dukiyar kowa da kowa ba ta da makoma sai hallaka, sai dai gwamnati ta ƙwace ko a sayar wa 'yan kasuwa. Ra'ayin Garrett Hardin ke nan tun 1968. Malami mai wayo sai ya kawo musu Elinor Ostrom ta Jami'ar Indiana, mace ta farko da ta ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009. Ita ta bi makiyayar ƙauyen Törbel a Suwizalan, da magudanan ban-ruwa na Valencia a Sifen, da dazuzzukan ƙauyukan Japan, ta nuna jama'a sun yi ɗaruruwan shekaru suna tafiyar da kayan tarayya da ƙa'idojin da suka gindaya wa kansu: an san mai haƙƙi, akwai mai sa ido, hukunci yana hawa daki-daki. Ɗan Argungu ba zai yi mamaki ba. Ya san Sarkin Ruwa, ya san ba a shiga Matan Fada da koma sai ranar da aka buɗe.

Wannan karatu yana da dangi a Zariya. A 1947 aka buɗe cibiyar horar da akawuna a unguwar Kongo, a 1954 ta zama Cibiyar Koyar da Mulki, a 1962 ta shiga cikin sabuwar Jami'ar Ahmadu Bello. A nan aka horar da yawancin waɗanda suka karɓi ofisoshin Arewa daga hannun Turawa, kuma a shekarun 1960 makarantar mulki ta Jami'ar Pittsburgh ta Amurka ta turo malamai da tallafin gwamnatin ƙasarta. Tsarin digirin MPA da jami'o'in Najeriya suke bayarwa yau jikan wancan ne: kula da ma'aikata, kuɗin gwamnati, ƙananan hukumomi, dokokin mulki, gudanar da ayyukan raya ƙasa. Ga kuma kwalejin ASCON ta Badagry tun 1973, da cibiyar Kuru kusa da Jos tun 1979, inda manyan jami'ai ke zuwa kwas.

Malamin da ke neman darasi irin na Flint a nan gida ba sai ya nemi biza ba. Kogin Haɗejiya ya ishe shi zango guda.

An kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ta Challawa kuma a 1992. Amfaninsu a fili yake. Ruwansu Kano take sha, da na Tiga ake noman rani a Kadawa da Kura, tumatir da shinkafa da alkama. Amma kogi ba ya tsayawa a kan iyakar jiha. Can ƙasa, tsakanin Haɗejiya da Nguru da Gashuwa, akwai fadamar da rayuwarta duka ta dogara ga ambaliyar shekara-shekara. Ruwa ya malala da damina a shuka shinkafa, ya ja da baya a bi laima da wake da kayan lambu, masunci ya kama kifi, Bafulatani ya sauko da shanu da rani, rijiyoyi su cika. Da aka tare ruwan, ambaliyar ta ragu. Sannan sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, ba rani ba damina, ya yi wa ciyawar kacala daɗi. Ta yi tsayi ta wuce mutum, ta toshe magudanai, ta juya ruwa ya koma inda ba a so. Gonar wani a hanyar Marma ta nutse shekara da shekaru, ta wani a gaba ta bushe ƙurmus, ga tsuntsayen jan-baki sun sami maɓoya a cikin kacalar suna fitowa su wawushe hatsi.

Masana sun auna wannan ciniki. Edward Barbier da Julian Thompson, a binciken da suka wallafa a 1998, sun kwatanta abin da manyan ayyukan ban-ruwa na sama za su samar da abin da fadamar za ta rasa na noma da kifi da itace. Ribar sama ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na asarar ƙasa ba. Ba wanda ya ɓoye wannan asara da gangan lokacin da ake zana madatsun. Ba ta cikin fayil ne kawai, saboda kifin Nguru da kiwon Gashuwa ba sa shiga asusun hukumar da ke gina madatsa. A cikin wannan labari ɗaya akwai darasin kasafi, da na tarayya da jihohi, da na hukumomin raya koguna da aka kafa a 1976, da na sulhu, domin sai a 2006 jihohin da kogin ya shafa suka kafa asusun haɗin gwiwa don kula da shi. Wanda yake son ganin abin da ke faruwa in an raina diyyar manomi, ga Bakolori a ƙasar Talatar Mafara, inda 'yan sanda suka buɗe wa manoma masu zanga-zanga wuta a Afrilun 1980.

A ƙetaren iyaka kuwa akwai darasin da ya yi kyau. Dokar daji da Nijar ta gada daga Faransa ta mayar da manyan itatuwa mallakar gwamnati, ko da a tsakiyar gonar mutum suke. Manomi ya sare reshe, malamin daji ya ci shi tara. Sai manomi ya ga ba shi da dalilin renon abin da zai jawo masa sammaci, yana sassabe yana tuge duk tsiron da ya gani. A 1983, a ƙasar Maraɗi, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda dashen itatuwansa ya yi ta mutuwa, ya lura cewa 'yan kurmin da ke tohowa a gonaki kututturan tsofaffin itatuwa ne masu rai. A zaɓi rassa 'yan kaɗan masu ƙarfi, a datse sauran, a bar su su tashi. Manoma suka kira wannan dabara sassaben zamani. Dabarar ba ta bazu ba sai da hukuma ta sassauta, aka bar manomi ya ci moriyar itacen da ya rena, sannan dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙarfafa masa gwiwa. An ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 a hekta miliyan 5, mafi yawa a Maraɗi da Damagaram, gawo a kan gaba. Babban abin da gwamnati ta kashe a nan shi ne sauya ƙa'ida.

Buƙatar irin waɗannan jami'ai ta riga ta shiga doka. Tun bayan sharar guba da aka jibge a garin Koko a 1988, Najeriya ta kafa hukumar kare muhalli, a 1992 kuma ta wajabta auna tasirin manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. A Nuwamban 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar sauyin yanayi, wadda ta kafa majalisa ta ƙasa kan lamarin, ta kuma buƙaci ma'aikatu su ware jami'in da zai riƙe wannan teburi. A 2017 ƙasar ta sayar da takardun lamuni na ayyukan muhalli na naira biliyan 10.69, na farko da wata gwamnati ta fitar a Afirka, aikin da aka ɗora harsashinsa lokacin da Amina Mohammed take ministar muhalli. Ga shirin ACReSAL na Bankin Duniya, dala miliyan 700 ga jihohin Arewa 19 da Abuja. Duk waɗannan kujeru ne da mutum zai hau. Masanan ma suna nan: Jami'ar Bayero tana da cibiyar noman yankuna masu ƙarancin ruwa tun 2012, Jami'ar Ibadan tana da cibiyar ci gaba mai ɗorewa mai ba da digiri na biyu. Abin da ya rage shi ne masanin ruwa ya tako ya shiga ajin mulki, tafiyar da a jami'a takan fi ta Kano zuwa Legas nisa.

Wahalar ba ƙarama ba ce. Malaman mulki mafi yawa daga kimiyyar siyasa suka fito, ba a koya musu karanta taswirar kogi ba. Ɗalibansu da yawa ma'aikata ne masu zuwa Juma'a da Asabar, a gajiye, ido na kan takardar da za ta kawo ƙarin girma. Sannan ofishin da za su koma yana da nasa darasin da ya fi na aji ƙarfi. Kasafi na shekara guda ne, gwamna na shekara huɗu, darakta ana iya sauya masa ma'aikata kafin fayil ya dawo daga sama. Sabon gini yana da bikin buɗewa da allo mai ɗauke da suna, gyaran tsohon kuwa babu maroƙi ko ɗaya da zai zo. Ƙaramin jami'i ya rubuta cewa bango ya tsage, amsar da ya saba ji ita ce, ba a sa shi a kasafin bana ba. Ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye babban ɓangare na Maiduguri, shekara 30 cif bayan ambaliyar 1994 daga wuri ɗaya.

Kwas ba zai gyara duk wannan ba, kuma malamin da ya yi wa ɗalibansa wannan alƙawari ya yaudare su. Abin da kwas zai iya shi ne ya fitar da jami'in da, in fayil ya zo gabansa, zai juya shafi ya nemi kuɗin kula da aikin na shekara ashirin, ya tambayi su wa ke zaune a ƙasan ruwa, ya duba kason ragin da aka yi amfani da shi, ya kuma iya rubuta wa mai gidansa, ranka ya daɗe akwai gyara, cikin shafi ɗaya da lambobi.

Shugabannin sassan koyar da mulki a Kano da Zariya da Dutse ba sa buƙatar jiran tallafin waje kafin su fara. Tiga tana kimanin kilomita 70 kudu da birnin Kano. Motar jami'a guda ɗaya, da malamin kasafi da malamin ruwa a kujerar gaba, za ta iya kai aji kan madatsar da safe, su bi ta Kadawa da rana, su kwana a Haɗejiya, washegari su shiga kwalekwale cikin kacala su ji ta bakin masu gonakin. A sa wannan tafiya cikin kwasa-kwasan dole, a kuma ba ta maki.